Shafin Aro Ba Ya Rufe Katara

Duk wanda ke duba ayyukan ɗaliban da ke fitowa daga sassan zane-zane da ƙira na jami'o'inmu a 'yan shekarun nan ya san abin da zan faɗa tun ban faɗa ba. Yaro zai turo maka adireshin shafinsa na intanet cike da alfahari. Ka buɗe, ka tarar da ƙaton hoto ya mamaye allo, wasu Turawa suna dariya a gaban kwamfuta, a ƙasansu akwatuna uku a jere, kowanne da 'yar alama a kansa. Ka buɗe na abokinsa, haka. Ka buɗe na uku, haka, launi kawai aka sauya. Idan ka ce masa ya ɗan matsar da kanun shafin zuwa hagu, ko ya rage tazarar da ke tsakanin layukan rubutu, sai ya shiga laluben maɓalli a manhajar da ya yi amfani da ita. In babu maɓallin, magana ta ƙare. Wani lokaci ma, can ƙasan shafin, za ka tarar da rubutun Latin ɗin nan marar ma'ana da masu sayar da ƙirar ke cike gurbi da shi, yana nan ko gogewa ba a yi ba. Kuma wannan aikin an duba shi, an ba shi maki, har an rubuta masa A.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaron nan ba dolo ba ne. Ba shi gawayi da takarda, ya zana maka fuskar tsohuwa har ka ji kamar za ta yi tari. Ya shekara biyu ana koya masa yadda haske ke sauka a kan tulu, da yadda ja ke ƙara zafi idan ya zauna kusa da kore, da dalilin da ya sa ake barin fili a jikin zane don ido ya huta. A ɗakin fenti babu malamin da zai karɓi hoton da ɗalibi ya sayo a bakin titi ya sa hannu a ƙasa. A ɗakin yumɓu, wanda ya kawo tukunyar kasuwa ya shafa mata launi ya san kora ce makomarsa. Amma da zarar an taka ɗakin kwamfuta sai wannan ƙa'ida ta narke. A ɗauko shiryayyen samfuri, wanda su ɗaliban ke kira tamfilet, a sauya suna, a liƙa hoto, a ce an tsara shafi. Malami ya gani, ya san na aro ne, ya kawar da kai.

Ƙa'idar da nake kuka a kanta tsohuwa ce: mai sana'a ya san kayan aikinsa da hannunsa kafin ya fara maganar salo. Makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya buɗe a birnin Weimar na Jamus a 1919, wadda da wuya a sami tsarin koyar da ƙira a duniya da bai ɗebi wani abu daga gare ta ba, ba ta barin sabon ɗalibi ya shiga wani fanni sai ya wuce kwas ɗin share fage. Josef Albers, ɗaya daga cikin malaman wannan kwas, yakan ba ɗalibai takarda zalla ya ce su naɗe, su yanka, su lanƙwasa, har su gano da kansu abin da takarda ke iya ɗauka da abin da ya fi ƙarfinta. Bai neme su da abu mai kyau ba a wannan mataki. So yake hannunsu ya san halin abin da suke riƙe da shi. Kwas ɗin farko na tsara shafin intanet aikinsa ke nan, kuma nan ne muke faɗuwa, domin mun daina miƙa wa ɗalibi takardar tun farko.

Takardar shafin intanet kuwa rubutu ce. A 1989 Tim Berners-Lee, yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janiba, ya rubuta shawararsa ta yadda masana za su riƙa musayar takardu ta hanyar kwamfutoci, a 1991 kuma shafin farko ya fito fili. Harshen da ya ƙirƙira, wato HTML, ba ruwansa da launi ko ado. Aikinsa shi ne ya ce wannan layin kanu ne, wannan sakin layi ne, wannan jeri ne, wannan kuma mahaɗi ne da zai kai ka wani shafin. Daga baya, a 1994, wani ɗan ƙasar Norway mai suna Håkon Wium Lie ya kawo shawarar CSS, harshen da ke faɗin launi da girman harafi da tazara da wurin zaman kowane abu, hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da shi a Disambar 1996. A 1995 Brendan Eich ya rubuta JavaScript a kamfanin Netscape don shafi ya riƙa motsi yana amsa wa mai taɓa shi. Har gobe waɗannan ukun burauza, wato manhajar buɗe shafuka, ke karantawa. Ko da Wix ka yi aiki, ko WordPress, ko Squarespace, abin da ke isa wayar mai karatu su ne dai. Ɗalibin da ya gama zangon karatu guda bai taɓa buɗe farin fayil ya rubuta kanu da sakin layi da hannunsa ba, bai taɓa kayan aikin ba, ta cikin gilashi ya hango su.

Abin haushin ma shi ne babu wata sana'ar ƙira da ta kai wannan buɗe sirrinta ga mai koyo. Ranar 30 ga Afrilun 1993 CERN ta saki fasahar kyauta ga duniya, kuma tun wancan zamani kowace burauza ta kwamfuta tana da wurin da za ka danna ka ga rubutun da ke bayan shafin da kake kallo. Haka mutanen farko suka koya. Su ga shafin da ya burge su, su leƙa bayansa, su kwafa, su ɓata, su gyara, har su gane. Ɗaliban da suka koyi abin nan a shagunan intanet na farkon shekarun 2000, suna biyan kuɗin awa, layi na tafiyar hawainiya, da yawansu sun fi na yau sanin abin da suke yi, alhali shafukansu munana ne, cike da rubutu mai walƙiya da launuka masu faɗa da juna. Muninsu na wanda ke koyo ne, ana iya gyara shi. Na yau kyau gare shi, amma kyan ba na mai shi ba ne, don haka babu abin da malami zai kama ya gyara.

Masana gine-gine da ke zuwa kallon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, bakan gizon da ke riƙe da rufin suke fara ɗaga kai su duba, da yadda aka jera azara cikin ƙasa har ta ɗauki wannan nauyi. Zanen bango a baya yake zuwa, kuma yana da inda zai zauna ne don ginin ya tsaya. HTML shi ne tubali da azara, CSS shi ne shafe da zane. Akwai wani aiki da ya nuna wannan fiye da kowace lacca. A 2003 wani mai ƙira ɗan Kanada, Dave Shea, ya buɗe shafin CSS Zen Garden. Ya ajiye rubutun HTML guda ɗaya ya ce kada kowa ya taɓa shi, amma kowa ya kawo nasa CSS. Masu ƙira daga ƙasashe da dama suka aiko da ɗaruruwan fuskoki, kowace daban da 'yar'uwarta, duk a kan gini ɗaya. Ban san darasin da ya fi wannan dacewa da ɗalibin zane ba. Ka ba aji rubutu guda, tarihin marinar Ƙofar Mata alal misali, ka ce kowa ya yi masa sutura da hannunsa. A mako biyu za ka ga wanda ya san tazara, da wanda ya san jeranta abu bisa muhimmancinsa, da wanda ke ɓuya a bayan hoto.

Masu cewa ai kasuwa manhaja take tambaya, don haka a koyar da manhaja, su tuna da Flash. A ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000 babu abin da ɗaliban zane suka fi so kamarsa, domin yana ba su damar yin motsi da sauti da kowane irin harafi ba tare da sun damu da HTML ba. Makarantu da yawa a duniya suka gina kwasa-kwasansu a kansa. Adobe ta sayi Macromedia, mai Flash ɗin, a 2005. A Afrilun 2010 Steve Jobs ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana bayanin dalilin da ya sa iPhone ba za ta karɓe shi ba, ranar 31 ga Disambar 2020 kuma Adobe da kanta ta daina kula da shi. Shafukan da aka gina da shi kaɗai suka daina buɗewa a burauza, wanda kuwa bai iya komai ba sai shi ya koma aji ɗaya. Shafin Berners-Lee na farko, mai baƙin rubutu a kan fari, har yau yana buɗewa a kowace waya. Figma da Canva da ake rububinsu yanzu kayan aiki ne masu amfani, ban ce a jefar da su ba, amma babu wanda ya yi mana alkawarin za su kai shekara ashirin nan gaba. Jami'a kuwa mutum take shiryawa don aikin shekara talatin ko arba'in.

Tun da na ambaci Figma, bari in taɓo wata cutar da ta fi kama 'yan zane musamman. An saba musu da fosta, ita kuwa fosta faɗinta da tsawonta sananne ne, inda ka ajiye abu nan zai kwana. Sai su zo su zana hoton shafi a kan faffaɗan allon kwamfuta, su miƙa hoton, malami ya ba da maki a kan hoton. Hoton shafi kuwa ba ya gaya maka komai game da abin da zai faru idan kanun ya yi tsawo, ko mai karatu ya ƙara girman harafi don idonsa ya yi rauni, ko ya juya wayarsa a kwance. Shafi ba shi da faɗi guda. Tun 2010 Ethan Marcotte ya bayyana hanyar tsara shafin da ke miƙewa yana tsukewa gwargwadon allon da ya samu kansa, yau kuma ita ce ƙa'idar aiki a ko'ina. A ƙasarmu maganar ta fi nauyi, don mafi yawan masu shiga intanet ta waya suke shiga, wayar ma Tecno ce ko itel ko Infinix, sau da yawa da tsagaggen gilashi. Wanda ke son koya wa ɗalibi gaskiyar aikin sai ya sa shi ya fara da ƙaramin allo, inda dole ya zaɓi abin da zai zo farko da abin da zai jira. Wannan zaɓin shi ne ƙira. Sauran duk kwalliya ce.

Haka maganar nauyi. Ɗalibin zane yana son hotonsa, kuma yana da gaskiya, amma sai ya ɗauko shi yadda ya fito daga kamara, megabait da yawa, ya ɗora guda goma a shafi ɗaya. A kwamfutarsa nan take yake buɗewa, tun da fayil ɗin na zaune a cikinta. Mai karatu a Gumel ko Maraɗi, wanda ya sayi data ta kwana ɗaya, shi zai biya kuɗin wannan sakaci, in ma ya yi haƙurin jira. Ba a banza Opera Mini ta samu karɓuwa a Nijeriya ba, matse shafuka take yi don data ta yi auki. Rage hoto zuwa girman da allo ke bukata, da sanin lokacin da JPEG ya dace da lokacin da PNG ko WebP ya fi, da zana tambari da SVG don ya zama 'yan layukan rubutu marasa nauyi da ba sa dushewa kome girman da aka ba su, duk wannan darasin yini ɗaya ne. Cikin kayan gwajin burauza akwai inda ake rage saurin layi da gangan don a ɗanɗana abin da mai raunin sabis ke sha. Ɗalibai nawa aka taɓa nuna wa wurin?

Sai abin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da Hausa. Samfuran da ake arowa an ƙera su ne don Turanci, kuma yawancin kyawawan salon haruffan da ke zuwa da su ba su da ɓ da ɗ da ƙ, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Sai ka ga shafin wata ƙungiya ko makaranta, duk inda harafi mai lanƙwasa ya zo, ko dai wani ɗan akwati ya tsaya a gurbinsa, ko burauza ta aro shi daga wani salon ya fito kamar baƙo a tsakiyar kalma. Maganin da ɗalibi ke yi shi ne ya cire lanƙwasar gaba ɗaya, ya gurgunta rubutun don samfurin ya zauna lafiya. A shekarun 1980 sai da aka nemi Hermann Zapf, ɗaya daga cikin manyan masu zana haruffa na Jamus, ya sa hannu a aikin samar da haruffan da za su ɗauki harsunan Nijeriya, don a lokacin matsalar babba ce. Yau an gama da ita. Unicode ya ba kowane harafinmu gurbinsa, salon haruffa irin su Noto na Google da Charis da Andika na SIL suna ɗauke da su, kuma kyauta ne. Abin da ya rage kawai ɗalibi ya san zai bayyana UTF-8 a saman fayil, ya faɗa wa burauza cewa harshen shafin Hausa ne, ya gwada salon harafi da jimlar Hausa kafin ya zaɓe shi. In rubutun na ajami ne, ya san yadda ake juya shafi ya taso daga dama. Mai digirin ƙira daga jami'ar ƙasar Hausa da bai iya sa harshen garin ya fito daidai a allo ba, ban san me za a ce ya koya ba.

Akwai kuma mutanen da ba a ko tunawa da su a ajin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da wata matsalar gani. Makafi suna shiga intanet da manhajar da ke karanta musu allo da murya, ita kuwa manhajar HTML take bi. In an yi kanu da alamar kanu, za ta ce ga kanu, makaho ya tsallaka inda yake so. In ƙara wa rubutu girma kawai aka yi don ya yi kama da kanu, ba ta san da shi ba. In hoto ba shi da ɗan bayanin da ake rubuta masa a ɓoye, sai ta wuce shi ko ta karanto sunan fayil. A shekarar 1999 wani makaho a Ostireliya, Bruce Maguire, ya kai ƙarar masu shirya gasar Olamfik ta Sydney saboda shafinsu bai karantuwa gare shi, rashin bayanin hotuna na cikin abin da ya yi kuka da shi, ya yi nasara a 2000, aka ce a biya shi dalar Ostireliya 20,000. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu bukata ta musamman amfani da shafi, da suka fara fitowa a 1999 aka sabunta su a 2008, har adadi suka sa: bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa kada ya gaza 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum. Wannan ai darasin launi ne tsantsa, gonar 'yan zane, amma su ne suka fi kowa son toka-tokan rubutu a kan fari don wai ya fi tsafta. Su fita da wayar tsakar ranar Sakkwato su gwada karantawa. Nijeriya ma tana da dokar hana nuna wa masu bukata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019. Ko babu doka, hana makaho shiga inda mai ido ke shiga saboda kasala ba halin kirki ba ne.

Allah gafarta malamai, na san ba a kan gadon hutu kuke ba. Aji ya cika ya batse, kwamfutocin ɗakin gwaji rabinsu sun mutu, wuta ta zo ta ɗauke, man janareta sai an yi karo-karo. Yajin aikin 2022 kaɗai wata takwas ya ci, bayansa aka riƙa matse zangon karatu ana gudu. Ga kuma yadda ake jefa kwas ɗin tsakanin hannu biyu. Wani wuri a aro malami daga sashen kimiyyar kwamfuta, ya zo ya koyar da shi kamar lissafi, bai taɓa tambayar ɗalibi dalilin da ya sa ya zaɓi wannan harafin ba. Wani wuri a ɗora wa malamin zane da bai taɓa rubuta layin kod ba, ya koyar da shi kamar fosta. A ƙarshe a yi jarrabawa a takarda: mene ne HTML, kawo amfaninsa guda biyar. Yaro ya haddace, ya zuba, ya ci, ya manta.

Duk da haka uzurin rashin kaya bai karɓuwa a wannan kwas kamar yadda zai karɓu a wasu. Mai koyar da narka gilashi yana bukatar tanderu. Mai koyar da HTML da CSS ba ya bukatar komai sai manhajar rubutu irin wadda ke zuwa da kowace kwamfuta, da burauza. Ko intanet ba a bukata a makonnin farko, fayil ɗin a kan kwamfutar yake buɗewa, kuma tsohuwar kwamfuta ta wadatar. Bayanin kowace alama yana nan kyauta a MDN na Mozilla. Wurin ɗora shafi ya fito duniya ma akwai na kyauta, irin su GitHub Pages da Neocities. Sabon tsarin karatun da hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fitar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Ke nan sashen da ke son gyara yana da fili. Malamin kwamfuta da malamin zane su shiga aji ɗaya tare, wannan ba ya bukatar kasafin kuɗi, sai dai haɗiye girman kai.

Kada kuma a ce mini ɗan zane ba zai iya kod ba, wai ƙwaƙwalwarsa ba ta wannan ba ce. Tun 1996 Olia Lialina, 'yar Rasha, ta yi aikin fasaha da HTML zalla, baƙi da fari, allo na rarrabuwa gida-gida duk lokacin da ka danna, kuma har yau ana koyar da shi a tarihin fasahar intanet. A 2001 Casey Reas da Ben Fry suka fito da Processing daga MIT musamman don masu zane su koyi rubuta umarnin kwamfuta. Wanda ya iya lissafin zaren saƙa a sashen tufafi, ko auna sinadaran shafen tukwane, alamomin HTML da ake bukata a kwas ɗin farko ba za su gagare shi ba, ba su da yawa.

Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwambar 2022, ɗalibi na iya rubuta jimla biyu ya karɓi shafi sukutum. Hana shi ɓata baki ne, kuma a wurin aiki zai yi amfani da ita. Amma ta mayar da tsohuwar hanyar ba da maki banza, domin fayil ɗin da aka miƙo ba ya shaidar komai a kan wanda ya miƙo shi. Abin da ya rage shi ne abin da sashen zane ya fi kowane sashe sani tun asali: a kafe aiki a gaban aji, mai shi ya tashi ya kare shi. A ce masa ya buɗe rubutun, ya nuna layin da ya sa wannan akwatin ya zauna a tsakiya, ya mayar da shi gefe yanzu muna kallo. Minti biyar sun isa a bambance wanda na'ura ta taimaka wa da wanda ta yi wa aikin. Kuma wanda ya san tushen ne kaɗai zai gane lokacin da na'urar ta ba shi shirme, tana kuwa bayarwa.

A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar fasaha ta Zariya. Sun ƙi yarda aikinsu ya tsaya a kwaikwayon abin da malamansu Turawa suka zo da shi. Suka koyi dabarun baƙi sosai, sannan suka koma gida suka ɗebo zanen uli da tatsuniyoyi da sauran abin da suka gada, suka haɗa. Shi ya sa har yau ake kiran sunansu. Jikokinsu a sana'a kuwa, da 'yancin da waɗancan suka yi fafutuka a kansa a hannu, sun koma saye da aron fuskar da wani ya ƙera a wata nahiya don kamfanin da ba su taɓa gani ba. Alhali ga abin ɗiba a gabansu. Dubi yadda alarammomi ke tsara shafin Alƙur'ani rubutun hannu, baƙar tawada ga baƙaƙe, ja ga wasula, zayyana a gefe tana nuna inda aka kai, ido bai ɓata. Dubi yadda aska takwas ke zaune a ƙirjin babbar riga ba a tsakiya ba, amma rigar ba ta karkace ba. Wannan ilimin jeranta abu ne da daidaita nauyi, irin wanda shafi ke bukata. Sai dai samfurin aro ba shi da ƙofar da za a shigar da shi, iyakarsa a liƙa dagi a kusurwa a ce an sa al'ada. Wanda ke riƙe da CSS da hannunsa ne zai iya gina shafi a kan wannan tunani tun daga tushe.

Ƙannena ɗalibai, makin da kuke karɓa a kan aikin aro ba zai bi ku ofishin da za ku nemi aiki ba. Can za a ba ku kwamfuta a ce ku gyara abin da ya karye, ana tsaye a kanku. Ku yi shafi ɗaya da hannunku, mai rubutun Hausa, mai hoto biyu ko uku, ko da zai fito da muni, ku tura wa iyayenku a waya ku ji ko ya buɗe.

Ku kuma shugabannin sassa da malaman da aka damƙa wa wannan kwas, roƙona gare ku bai da tsada. Zango mai zuwa, makonni shida na farko kada kowa ya taɓa samfuri. Ku soke jarrabawar takarda. Duk aikin da aka kawo, ku buɗe shi a ƙaramar waya da raunin sabis, ku duba ko ƙ da ɗ sun fito, ku kunna manhajar karanta allo ku saurara, sannan ku sa mai shi ya sauya wani abu a gabanku. Wanda ya kasa, ku ba shi lokaci ya sake, amma don Allah kada ku sa masa hannu.